MBR ko GPT: Wanne Ya Dace da Tsohuwar Kwamfutarka Idan Windows Ta Ƙi Hawa?

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ɗalibai ke yawo da su a Yelwa da Gwallameji a Bauchi, da waɗanda ake buga takardu da su a shagunan kewayen Wunti, na hannu ne, 'yan kwatano. HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama morarsu shekara goma ko fiye da suka wuce. Suna da ƙarko, shi ya sa ake rububinsu. Sai dai ranar da aka zo sake musu Windows, akwai wurin da suka saba turjewa: daidai shafin da ake tambayarka a wane ɓangaren faifai, wato hard disk, za a ɗora ta. Ka zaɓi inda tsohuwar take, sai a rubuta maka a ƙasa cewa ba za a iya ɗora Windows a wannan faifan ba.

Idan ka buɗe saƙon, ɗayan biyu za ka gani. Ko dai ya ce faifan yana kan tsarin GPT, ko kuma ya ce faifan na MBR ne alhali a tsarin EFI sai GPT. Mutane na karanta su a matsayin magana ɗaya, alhali kishiyoyin juna ne, maganinsu ma haka.

Abin da aka fi yi a shago kowa ya san shi. A danna Shift da F10, a buɗe diskpart, manhajar tsara faifai, a rubuta clean mai share tsarin faifan duka, cikin minti biyu Windows ta fara hawa. Da yamma mai kaya ya dawo ya tarar D ɗinsa, wato ɓangaren ajiya na faifan, inda firojet ɗin ajin ƙarshe da hotunan bikin yayarsa suke, ko sama ko ƙasa. A mafi yawan lokutan da wannan saƙo ke fitowa faifan lafiyarsa lau. Hanyar da aka bi aka tayar da filash ɗin ɗora Windows ce ba ta yi daidai da shi ba, gyaranta kuwa bai wuce danna maɓalli ɗaya ba.

Abin da ya raba su

Ka ɗauki faifai a matsayin babban fili, fatishan kuma fulotan da aka yanka a cikinsa. Dole a samu takardar da za ta ce wannan fuloti daga nan ya fara, a can ya ƙare. MBR da GPT salo biyu ne na rubuta wannan takarda.

MBR shi ne dattijo. Ya zo a 1983 tare da PC DOS 2.0 na kamfanin IBM, kuma duk rayuwarsa a cikin sekta ta farko ta faifai take, bayit 512 kacal. Daga ciki 446 na umarnin tayar da kwamfuta ne, 64 na teburin fatishan, 2 na ƙarshe kuma hatimi ne. Kowane fatishan yana cin bayit 16, saboda haka gurbi 4 ne ke akwai, ba ƙari. Wanda ke son ya wuce 4 sai ya sadaukar da gurbi ɗaya ya mai da shi Extended, sannan ya yanka ƙananan ɓangarori a cikinsa. Iyaka ta biyu ta girma ce. MBR yana ƙirga sekta da lambobi masu bit 32, wanda ke tsayar da shi a 2 TB. Ka sa masa faifai mai 3 TB, za ka ga wajen 746 GB a gefe, ba ya taɓuwa.

GPT ya fito ne daga aikin EFI da Intel ta fara a ƙarshen shekarun 1990, wanda daga 2005 ya koma hannun haɗakar kamfanoni da sunan UEFI, wato sabuwar hanyar tayar da kwamfuta. A Windows yana ɗaukar fatishan har 128, girman faifai kuma ba abin damuwarsa ba ne. Yana ajiye teburinsa sau biyu, ɗaya a farkon faifai ɗaya a ƙarshe, yana kuma da lissafin CRC32 da yake gane ko teburin ya lalace. A garin da ɗauke wuta ba labari ba ne, wannan abin so ne. Amma kada a zuzuta shi. Teburin fatishan ba kullum ake rubuta shi ba, kuma kwafi na biyun teburin kawai yake karewa, ba ya kare fayil ko ɗaya.

Batun sauri kuwa, a ajiye shi gefe. GPT ba ya sa kwamfuta gudu. UEFI kan rage 'yan daƙiƙoƙi wajen tashi, shi ke nan. Wanda ya ce maka Latitude ɗinsa ta zama jirgi bayan ya koma GPT, ka tambaye shi ko a ranar ce ya sa mata SSD, wato sabon nau'in faifai mai sauri.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙa'idar Windows. Idan kwamfuta ta tashi ta tsohuwar hanyar BIOS (manhajar da ke fara kunna kwamfuta kafin Windows), wadda menu ke kira Legacy ko CSM, Windows sai a kan MBR. Idan ta tashi ta UEFI, sai a kan GPT. Manhajar ɗora Windows ba ta tambayarka wanne kake so. Tana duba ta wace ƙofa ita kanta ta shigo, sai ta yanke hukunci. Saƙon da ya ce faifai na GPT ne yana nufin ka tayar da filash ta Legacy. Wanda ya ce faifai na MBR ne yana nufin ka tayar da shi ta UEFI.

Wannan ƙa'ida faifan da Windows ke zaune a kai kawai ta shafa. Faifan ajiya na biyu zai iya zama GPT ko a kan tsohuwar BIOS, Windows 7 zuwa sama za ta karanta shi. Amma faifan waje ko filash da za a riƙa soka wa talabijin da na'urorin kallo, gara a bar shi a MBR, domin wasu tsofaffin ba su san GPT ba, haka ma Windows XP mai bit 32.

Shekarar na'urarka ce ke fara magana

Mafi yawan masu furosesar Core 2 Duo da makamantansu ba su da zaɓi. Latitude D630, ThinkPad T400, OptiPlex 755 da 760 da ake gani a shagunan buga takardu, har ma ThinkPad T410 ta 2010, BIOS zalla gare su. MBR ne nasu, an gama magana. Idan irin wannan ta ce faifanta na GPT ne, to daga wata kwamfutar aka ciro faifan aka sa mata. A nan babu dabarar canja ƙofa, tunda ƙofa ɗaya ce. Sai a kwashe kaya a sake tsara faifan.

'Yan tsakiya su ne masu wahalar sha'ani, wato na 2010 zuwa 2011: EliteBook 8440p da 8460p, Latitude E6410 da E6420, ThinkPad T420. Suna da UEFI, amma na farko-farko ne, babu Secure Boot, wato kariyar da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi, kuma daga masana'anta da Windows 7 a kan MBR suka fito. A EliteBook na wannan zamani, da ka kunna UEFI a cikin BIOS sai HP da kanta ta fito maka da gargaɗi cewa zaɓin na gwaji ne, ba ta tsaya masa ba. Idan wanda ya ƙera abu ya faɗi haka, ni ban ga dalilin yi masa gardama ba. T420 da E6420 sukan yi aiki lafiya da UEFI, amma me za ka samu? Faifanka bai kai 2 TB ba, ba ka buƙatar fatishan 10, Windows 11 kuma ba ta amince da furosesarka ba ko da ka koma GPT. Ka bar su a Legacy da MBR.

Daga 2012 labari ya canja. Da Windows 8 ta fito a watan Oktoba na shekarar, Microsoft ta wajabta wa masu ƙera kwamfutocin da za su ɗauki tambarinta su sa UEFI da Secure Boot. Saboda haka Latitude E6430, ThinkPad T430, EliteBook 840 G1 da duk waɗanda suka biyo baya UEFI ɗinsu ya nuna. A 840 G1 za ka ga zaɓi uku: Legacy, UEFI Hybrid mai CSM, da UEFI Native marar CSM. A waɗannan, idan faifan sabo ne ko babu abin da ake tsoron rasawa, GPT ya fi. Shi ne tsarin da aka gina su a kai, kuma shi ne mai gaba, tunda sababbin kwamfutoci da yawa sun daina zuwa da Legacy gaba ɗaya. Duk da haka za ka sha ganin irinsu a kasuwa suna kan MBR, saboda mai sayarwa filash ɗaya yake da shi na kowa da kowa. Idan tana aiki haka kuma akwai kaya a ciki, ba gaggawa.

Idan tsohuwar Windows tana tashi, ka duba kafin ka taɓa komai. Ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta msinfo32, ka nemi layin BIOS Mode, wanda ke akwai daga Windows 8 zuwa sama. Zai ce Legacy ko UEFI. Idan ba ta tashi, a cikin diskpart ka rubuta list disk: faifan da ke da tauraro a ƙarƙashin Gpt na GPT ne, marar tauraro na MBR.

Hanya ta farko: ka canja ƙofa, ka bar faifai

Wannan ita ce mafi araha, kuma ita ya kamata a fara gwadawa duk lokacin da akwai kayan mutane a faifai. Ka kashe kwamfuta, ka kunna, ka buɗe menu na zaɓin abin da za a tayar: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. A na'urar da ke da hanyoyin biyu, filash ɗaya kan bayyana sau biyu, ɗaya da UEFI a jikin sunansa ko a ƙarƙashin rukunin UEFI, ɗaya babu. Faifai na GPT, ka zaɓi mai UEFI. Faifai na MBR, ka zaɓi ɗayan. Idan ɗaya kawai ka gani, ka shiga BIOS da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka kunna hanyar da ta ɓace. A wasu sai ka kashe Secure Boot kafin Legacy ya yarda ya kunnu.

Wani lokacin kuma filash ɗin ne aka haɗa da ƙofa ɗaya. A Rufus, manhajar haɗa filash ɗin Windows, idan ka zaɓi GPT, filash ɗin na UEFI ne kaɗai, ba zai taɓa tashi a D630 ba ko ka gwada duk ramukan jikinta. Idan ka zaɓi MBR, na BIOS ne ko CSM. Mai gyaran da ke karɓar kwamfutoci iri-iri gara ya riƙe filash biyu ya rubuta wa kowanne suna, ko ya koma Ventoy, wanda ke tashi ta hanyoyin biyu kuma yana ɗaukar fayilolin ISO, wato fayilolin ɗora Windows, da yawa a filash ɗaya. Filash ɗin da Media Creation Tool ta Microsoft ta haɗa shi ma yana bin ƙofofin biyu. Masu kwafe fayilolin ISO da hannu zuwa filash na FAT32 kuwa sukan ci karo da wani bango: FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya haura 4 GB, install.wim na Windows 10 na baya-bayan nan kuma ya haura.

Da ka shiga ta ƙofar da ta dace, saƙon zai ɓace, sai ka yi fomatin na fatishan ɗin Windows kaɗai, D yana nan ba abin da ya taɓa shi. Amma ka tambayi mai kaya tukuna, domin mutanenmu a Desktop da Documents da Downloads suke tara komai, waɗannan kuma duk a C suke. Idan ka zaɓi fatishan ɗin ba tare da fomatin ba, Windows za ta tattara tsofaffin kaya cikin jakar Windows.old. A kwashe su da wuri, kada a mai da wurin ma'aji.

Hanya ta biyu: share fage

Clean yana da ranarsa. Sabon SSD, ko kwamfutar da ka saya yau da tarkacen wani Bature a ciki, ko faifan da ya sha hannu har teburinsa ya rikice, ko faifan GPT da aka sa wa na'ura mai BIOS zalla. A irin waɗannan shi ne mafi tsafta. A shafin zaɓin faifai ka danna Shift da F10, a wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka har da Fn, ka rubuta diskpart, sai list disk, sai select disk da lambar faifan, sai clean.

Ka tsaya a kan lambar nan. Filash ɗinka ma yana cikin jerin, haka duk wani faifan waje da ke jone, kuma clean ba ya tambaya ko ka tabbata. Da girma ake gane su: mai 465 GB shi ne faifan da aka sayar maka a matsayin 500, mai 14 GB ko 29 GB filash ne. Ba dole ba ne faifan ciki ya zama lamba 0.

Bayan clean ba sai ka rubuta convert ba. Ka rufe baƙin allon, ka danna Refresh, ka zaɓi filin da babu komai, ka ci gaba. Windows za ta tsara faifan daidai da ƙofar da ka shigo. Wanda ya shigo ta Legacy ya rubuta convert gpt don ya ji an ce GPT ya fi, ya sake ɗaure kansa da igiyar da ya kwance. A GPT za ka ga ta yanka wasu ƙananan ɓangarori: na EFI mai kimanin 100 MB, na MSR mai 16 MB, da na Recovery. A MBR kuma za ka ga System Reserved. Kada ka ga ƙanana ne ka ce sharar gida ce, a cikin na EFI ko System Reserved fayilolin tashi suke.

Idan an riga an yi clean bisa kuskure, a tsaya cak. Clean teburin yake gogewa, kayan suna nan kwance, kuma manhaja irin TestDisk takan iya gano iyakokin fatishan ta dawo da su. Ko an fara ɗora Windows, farkon faifai take fara ci, D da ke can baya yakan tsira idan aka yi hanzari. A SSD damar ta fi ƙanƙanta. Clean all kuwa sifili yake bi yana rubutawa a kowace sekta, bayansa sai haƙuri.

Hanya ta uku: juyawa ba tare da gogewa ba

Tun sigar 1703 ta 2017, Windows 10 tana zuwa da wata ƙaramar manhaja mai suna mbr2gpt, wadda ke mai da faifan MBR zuwa GPT da Windows da kaya duk a ciki. Ka buɗe baƙin allo da ikon admin, ka fara da mbr2gpt /validate /allowFullOS. Idan ta ce ya cancanta, sai mbr2gpt /convert /allowFullOS. Tana gamawa ka shiga BIOS ka koma UEFI, in ba haka ba kwamfuta ba za ta tashi ba.

Sharuɗɗanta suna da tsauri. Fatishan kada su wuce 3, kuma babu Extended ko ƙananan cikinsa. Idan akwai BitLocker, wato makullin ɓoye bayanan faifai, a dakatar da shi. Windows ɗin ta zama mai bit 64, domin UEFI na waɗannan kwamfutoci na bit 64 ne. Hanya ce mai zuwa kawai, ba ta da dawowa. Tabbatar da cewa na'urarka tana da UEFI kuma aikinka ne, ka juya faifan T410 ka ga yadda za ta yi maka shiru. Sannan batir. Da yawan 'yan kwatano batirinsu ba ya riƙe minti 10, wannan kuwa yana cikin 'yan lokutan da ake rubuta teburin da gaske. Ka yi shi a kan inbata ko janareto mai tsayayyiyar wuta, bayan ka kwafe abin da ba ka son rasawa.

Wa wannan hanya ta dace da shi? Mai EliteBook 840 G5 ko wata mai Intel ƙarni na 8 zuwa sama da aka ɗora wa Windows 10 ta Legacy, yanzu yana son Windows 11. Mai 8460p ba shi da abin da zai tsinta a ciki.

Wace manhaja za ka ɗora?

Wannan ma yana karkata zaɓin. Windows mai bit 32, wadda ake sa wa masu RAM 2 GB, a kan waɗannan na'urori sai Legacy da MBR. Windows 7 mai bit 64 tana iya hawa GPT amma takan nemi CSM a kunne, kuma wahalar ba ta kai ribar ba. Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 a hukumance tana son UEFI, na'urar tsaro ta TPM 2.0, RAM 4 GB da furosesa ƙarni na 8 zuwa sama idan ta Intel ce. Rufus yana iya tsallake waɗannan shingaye, amma daga sigar 24H2 akwai wanda ba ya tsallakuwa: furosesa sai mai SSE4.2 da POPCNT, abin da ya fitar da Core 2 Duo gaba ɗaya.

Linux ba ruwanta da ƙa'idar Windows. GRUB, mai tayar da Linux, yana tayar da faifan GPT a kan tsohuwar BIOS, muddin an ware masa ɗan fatishan na 1 MB mai alamar bios_grub. Ga kwamfutar da aikinta bincike a intanet da rubutu, Linux Mint mai Xfce ko Lubuntu za su fi Windows 10 sauƙi a kanta. Mai CorelDRAW ko AutoCAD kuwa ba shi da wannan mafita. Wanda zai haɗa biyun a faifai ɗaya, ya tabbata ta ƙofa ɗaya suka shiga. Windows ta Legacy da Linux ta UEFI ba sa ganin juna a menu, kullum sai ka bi ta F9 ko F12.

Kurakuran da ke sanye da rigar fatishan

Akwai saƙon da ke cewa an kasa ƙirƙirar sabon fatishan ko gano wanda ke akwai, da ɗan uwansa mai lamba 0x80300024. Sau da yawa cunkoso ne: katin memori a rami, filash na biyu, faifan waje, ko BIOS da ta ɗauki filash ɗin a matsayin faifai na farko. Ka cire duk abin da ba a buƙata, ka mai da faifan ciki kan gaba a jerin BIOS, ka tayar da filash ta menu.

Kwamfutocin HP na gida na zamanin Windows 7 suna da nasu tarko. Daga masana'anta gurbin MBR 4 a cike suke zuwa: SYSTEM, C, RECOVERY da HP_TOOLS. Ka rage C don ka yanka D, sai Windows ta tambaye ka ko ta mai da faifan Dynamic. Ka ce a'a. Wanda ya ce e zai samu D ɗinsa a ranar, amma ranar sake Windows zai iya tarar da an ƙi karɓar faifan, kuma da kayan aikin Windows ba a dawowa daga Dynamic sai an share ɓangarorin duka.

Idan shafin ya fito fayau babu faifai ko ɗaya, ka duba saitin SATA a BIOS. Dell da yawa suna zuwa a kan RAID On, wanda ke ɓoye faifai ga Linux da wasu sigogin Windows. Ka mai da shi AHCI kafin ɗorawa, domin canja shi bayan an gama shuɗin allo yake jawowa. Idan BIOS ma ba ta ga faifan ba, ka buɗe murfin ƙasa ka zare shi, ka kakkaɓe ƙurar hunturu, ka mayar da kyau. Windows 7 kuma idan ta ce direban CD ko DVD ya ɓata alhali da filash kake aiki, ramin USB 3.0 ka soka, ita kuwa ba ta zo da direbansa ba. Ka koma ramin USB 2.0.

Sai faifan da ke bakin mutuwa, wanda shi ne ya fi cinye wa mutane yini. Fomatin ya tsaya ya ƙi gaba, ko a ga 0x8007045D, ko a ji ƙas-ƙas daga ciki. A HP ka danna Esc sannan F2 ka gwada faifan. A Dell ka zaɓi Diagnostics a menu na F12, idan ta ba ka 2000-0142 faifai ya faɗi jarrabawa. CrystalDiskInfo ma yana nunawa: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma a kwashe kaya yau, musamman idan layin 05 da C5, masu nuna lalatattun sekta, sun fara ƙirga. Babu MBR ko GPT da ke warkar da wannan. SSD na SATA mai inci 2.5 yana shiga mafi yawan waɗannan kwamfutoci, kuma ko a tsohon rami mai 3 Gb/s bambancin a bayyane yake. Idan kuwa ɗorawar tana yankewa a tsakiya da 0x8007025D ko 0x80070570, ka fara zargin filash ɗin, musamman na bakin titi mai arhar banza, sannan RAM.

Akwai kuma wanda ke zuwa bayan an gama komai. Kwana kaɗan mai kaya ya dawo yana cewa, "Oga, Windows ɗin da ka sa mini ta goge." HP tana nuna 3F0, ko Dell tana cewa ba ta ga abin tayarwa ba. Kafin ka ɗauko filash, ka shiga BIOS ka dubi kwanan wata. Idan ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin CMOS mai riƙe saitin BIOS ne ya mutu. Da babban batir ya ƙare aka kuma zare caja, sai BIOS ta manta saitinta ta koma na masana'anta. Ka ɗora ta UEFI, ita kuma ta koma Legacy, ko AHCI ya koma RAID. Ka mayar da saitin yadda ka bar shi, Windows za ta tashi da kayanta cif. A kwamfutar tebur batirin CR2032 ne mai bolt 3, a fili yake a kan bodi, minti ɗaya an canja. A ta tafi-da-gidanka yakan zo a naɗe cikin leda da 'yar waya mai filogi, wani a ƙarƙashin murfin ƙasa, wani sai an ɗaga kibod, don haka ka ciro tsohon ka tafi da shi kasuwa a gwada bakin filogin kafin ka biya.